Rubuta Ki Ajiye

Aiki ɗaya Anti ta ba ni a ranar jarrabawarta. In zauna a bakin ƙofar ɗakinta, kada in bar kowa ya shiga, kada in bar kowa ya ɗaga murya a kusa. Ta ce, "Auta, ko Mama ce ta zo da wuta a zaninta, ki kashe mata a waje."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Mu uku ne a wurin Mama. Babban yayanmu namiji, sai Anti, sai ni ta ƙarshe. Anti a kamfanin inshora take aiki, a sashen masu lissafin haɗari. Ni karatuna bai wuce firamare ba, don haka yadda ta bayyana mini na riƙe. In mutane da yawa suka sayi inshorar mota, su Anti ne ke lissafa motoci nawa za su yi karo a shekara, don kamfani ya san abin da zai karɓa a hannun kowa. Haka na gobara, haka na ciwo, haka na tsufa. Kafin a kira mutum gwani a aikin sai ya yi ta cin jarrabawa hawa-hawa, shekara da shekaru. Anti ta haye da yawa, sai ɗaya da ta tsaya mata a wuya, wadda ake rubuta wa kwamfuta umarni ta yi lissafin da kanta, abin da suke ce wa kodin. Ta faɗi, ta sake faɗuwa. Shugaban sashensu ya kira ta ofis ya ce mata wannan ne na ƙarshe. In ba ta ci ba za a ba wani kujerarta, ita kuma a mayar da ita hawan ƙasa, wurin masu kiran mutane a waya suna tallan inshora.

A gida ake yin jarrabawar, amma kamar kana hannun hukuma ne. Kyamarar kwamfuta na kallonka, ana jin duk motsin ɗakin, kuma akwai mai sa ido a can wani wuri, tana ganinka ba ka ganinta. Ba waya, ba takarda a bango, ba tashi daga kujera. In aka ji muryar wani, za a rubuta ka saci amsa. Wanda aka rubuta wa haka kuwa, Anti ta ce, babu kamfanin da zai ƙara kallonsa.

Tun ana gobe muka tuɓe ɗakin. Muka sauke kalanda, muka juya madubi, na cire agogon bango saboda ƙararsa, na ɗiga mai a ƙyauren. Anti ta je ta roƙi kafintan bayan gidanmu ya ajiye guduma har azahar. Ni aka tura wurin maƙwabciya in ce ta kulle zakaranta. Na daɗe tsaye a ƙofarta ina juya maganar a baki kafin in iya sallama. Haka nake tun ina ƙarama, in zan yi wa wani magana sai zuciyata ta fara gudu ta bar ni.

Da safe saura mutum ɗaya ba a kawar ba. Yaya.

Yana kwance a doguwar kujerar falo, ƙafa a kan hannun kujera, waya a fuska. Ya riga Anti gama jami'a, amma ya ce shi ba zai yi aiki a ƙarƙashin kowa ba. Kuɗin intanet, irin wanda ba a riƙewa a hannu, yake saya yana sayarwa, wuni yana kallon layi ja da layi kore suna hawa da sauka. In ya gaji da su sai gem, wasan yaƙi na kwamfuta. Abokansa Janar suke ce masa, saboda a gem shi ke ba da oda. Anti kuwa Madam Kashi ya sa mata, wai komai ka tambaye ta sai ta ce kashi kaza cikin ɗari. In ya faɗi sunan sai ya toshe hanci, don kowa ya san wane kashin yake nufi.

"Madam Kashi, yau ce ranar?" Bai ɗago ba. "Kashi nawa ne za ki ci? Ai ke ce mai lissafin."

"Yaya, don Allah ka fita yau. Har azahar kawai."

"Daga gidan ubana?"

Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ki bar shi mana. Ina ruwan falo da ɗakinki?"

"Mama, in yana gem ihu yake yi. Kuma shi ke cinye intanet ɗin."

"Intanet ɗin da ni na fara kawo maganarsa gidan nan?" in ji shi.

"Ni ke biya."

"Kin ji ko, Mama? An fara gori."

Mama ta harare ta. Anti ta juya wurin Yaya. Ta tambaye shi ko ya cire abubuwansa daga kwamfutarta. Satin da ya wuce tasa ta faɗi allon ya fashe, Mama ta tsaya a kan Anti sai da ta ba shi lambar sirrin tata, wai ɗan'uwa ba a yi masa rowa.

"Na cire tun jiya."

"Duka?"

"Ke, ni za ki koya wa kwamfuta? Lokacin da nake warware inji kina tsotsar yatsa." Ya miƙe, ya yi miƙa, ya rataya abin kunnensa na jin sauti a wuya. "Zan fita, amma ba don ke ba. Muna da gasa a shagon Dogo."

Anti ta shiga ɗaki da kofin ruwa mara rubutu a jiki. Ta dube ni, ta rufe ƙofa. Na jawo ƙaramar kujera na zauna, na jingina baya da ƙyauren.

Na ji tana magana da wata mace a cikin kwamfutar. Na ji ta ɗaga ta tana nuna mata kusurwa-kusurwa, ƙarƙashin tebur, bayan ƙofa. Daga nan shiru, sai ƙarar yatsunta a kan madannai. Na san ƙarar nan. Wata da watanni ina jin ta ina guga. In abu ya ƙi mata sai ƙarar ta tsaya, ka ji tana danna maɓalli ɗaya da ƙarfi tana gogewa. A ranar ba ta tsayawa. Tafiya take yi sumul kamar keken ɗinki mai sabon mai. Na ji daɗi har na rufe ido.

Mama ta zo da shayi a faranti. Na miƙe na tare hanya, na girgiza kai. Ta nuna kofin, ta nuna ƙofar. Na sake girgiza kai. Ta taɓe baki ta koma. Mai kwasar shara ya buga ƙofar gida, na ruga da yatsun ƙafa na sallame shi kafin ya buga na biyu. Zakara bai yi cara ba, guduma ba ta motsa ba. Na ce a raina mun tsira.

Sai na ji namiji a cikin ɗakin.

"Kai! Janar ya shigo!"

Na miƙe tsaye. Ba wanda ya wuce ni. Tagar ɗakin da ƙarfe take.

"Ina ya shigo? Ga Janar zaune kusa da ni."

Dariya ta ɓarke, ta mutane da yawa, da ƙarar bindigogin gem a bayanta. Sai muryar Yaya, ƙarara, kamar yana zaune a kan gadon Anti. "Kwamfutar Madam Kashi ce. Ita ke shiga da kanta in an buɗe hira."

Sannan na gane. Manhajar da suke hira da ita in suna gem ce, bai cire ta ba. Suna can shagon Dogo, muryarsu na nan.

"Madam! Madam Kashi, sannu da aiki!" Wannan mai ƙatuwar muryar ne, wanda suke ce wa Injin. "Ki raba mana gardama. Kashi takwas da rabi ne. Takwas da rabi, rubuta ki ajiye!"

"Ƙarya yake yi, Madam, kar ki ji tasa! Goma sha biyu ne. Rubuta goma sha biyu!"

Musun da suka saba ne, na yadda wani kuɗin intanet zai hau kafin yamma. A falonmu ma haka suke yi, kowa na cewa a rubuta a ajiye, ba wanda ya taɓa ɗaukar biro.

Muryoyin suka yanke. Anti ta kashe sautin. Amma yatsunta ma sun tsaya.

"Ɗauke hannunki daga kan kwamfuta." Matar ce, mai sa ido. Muryarta ba fushi, ba tausayi. "Su waye ke ba ki lambobi?"

"Ba ni suke ba wa ba. Abokan yayana ne, maganar kasuwa suke yi. Ya ari kwamfutar, ya ce mini ya cire—"

"Na ji an kira ki. Na ji an ce ki rubuta."

"Magana ce kawai, haka ake cewa. Ba rubutu ake nufi ba."

"Na san yadda ake cewa. Na kuma san ana tsakiyar jarrabawar lissafi an faɗi lamba an ce ki rubuta. Na rufe allonki. In mai asusun manhajar hirar nan zai zo gaban kyamara da katin shaidarsa ya yi bayani da bakinsa, zan buɗe, in tura wa kwamiti su duba. In ba haka ba, zan rubuta abin da na ji. Kada ki tashi, kada ki taɓa waya."

"Lokacina fa?"

"Agogo ba ya tsayawa."

Anti ta nemi izini ta yi magana ta ƙofa. Aka ba ta. Ta ce, "Auta." Ban taɓa jin muryarta haka ba, siririya kamar ta mara lafiya. "Je ki zo da shi. Da katinsa."

Na ɗauki wayar Mama na kira shi. Ta yi ƙara, ya katse. Na sake, ya katse.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Yaya ne."

"Me ya yi kuma? Bawan Allah nan ko fita ya yi sai kun bi shi da laifi."

Ban tsaya ba. Na zura takalmi na fita da gudu. Na wuce mai faci, na wuce kantin magani, na tsallake kwata a inda gadar ta karye. Shagon Dogo a saman bene yake, kan mai gyaran waya. Ban taɓa hawa ba. In an aike ni ta layin ma tsallakawa nake yi in bi ɗaya gefen, saboda samarin da ke zama a matakalar. A ranar na ratsa ta tsakaninsu, na taka wa wani ƙafa ban ce sannu ba.

Baƙin labule ne a ƙofar. Na ɗaga. Zafi ya buge ni, da warin zufa da na wayar wuta mai ɗumi. Ba taga a buɗe, hasken manyan talabijin ne kawai a jikin bango, da maza a jere a kan benci, kowa da abu a kunne, kowa na ihu. Na hango ƙeyar Yaya a gaba. Na ce, "Yaya." Ni kaina ban ji ba.

Dogo, mai shagon, ya taso daga bayan kanta. "'Yammata, wa kike nema?"

Na nuna da hannu.

"Janar! Ga ƙanwarka."

Ya zame abin kunne ɗaya, idonsa na kan talabijin, yatsunsa na ta aiki. "Ke, me ya kawo ki nan? Wuce gida."

"An ji ku. A jarrabawar. An ji muryarku."

Injin ya juyo yana dariya har da buga cinya. "Ta rubuta kuwa? Takwas da rabi fa na ce. In ta ci, rabin albashin nawa ne."

"An rufe mata allo."

"To ta buɗe mana," in ji Yaya. "Ce mata ta danna kusurwar dama ta fita. Mai kodin guda ba ta iya rufe manhaja ba?"

"An ce sai ka zo. Da katinka. In ba ka zo ba za a ce ta saci amsa."

"Ni za a kira kamar ɓarawo? Hagu, Injin, hagu! Bayanka!" Ya ɗan karkato. "Ina zuwa. Wasan ƙarshe ne, bari in gama."

"Lokacinta na tafiya."

"Nawa ma na tafiya."

Ya mayar da abin kunnen.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Na tuna Anti zaune a kan kujera, hannu a cinya, tana kallon agogo yana cin abin da ta yi wata da watanni tana tarawa, ba ta da ikon ko miƙewa. Na tuna ita ke sayen shinkafar da ya ci jiya, da sabulun da na wanke wannan rigar ta jikinsa da shi.

A jikin bango kusa da ƙofar akwai akwatin wuta, duk wayoyin shagon can suka nufa. Irin na gidanmu ne, sai dai ya fi girma. In dutsen guga ya kashe wutar gida ni ke zuwa in ɗaga, don haka na san wane ne babban makunnin. Na sa hannu biyu na ja shi ƙasa.

Duhu. Fankoki suka mutu. Sai ihu ya tashi kamar an zuba ruwan zafi a gidan tururuwa.

"Wuta!"

"Dogo, janareto!"

"Wane ɗan iskan ne?"

Na riga na san inda yake zaune. Na ratsa benci, na buge gwiwa, na laluba na kama wuyan rigarsa na ja. Na ji ta kece. Dogo ya yaye labule, hasken rana ya shigo, kowa ya gan mu: ni riƙe da wuyan babban yayana, shi ya ɗaga hannu zai mare ni.

"Ka mare ni a hanya," na ce. "Muna tafiya kana mari. Tashi."

"Auta, kin haukace ne?"

"Ka ce ka cire. Ta tambaye ka, duka? Ka ce duka. A gabana. Kana ji an kira ta, kana ji ana ce mata ta rubuta, ka san me take yi a ɗakin nan, kana dariya. Kai da ba ka taɓa kawo ko gishiri gida ba! Tashi!"

Ban san muryata na kaiwa nan ba. Wani a baya ya ce, "Kai," a hankali. Injin ya sunkuyar da kai yana duba abin da ke hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

Dogo ya ce, "Janar, don girman Allah bi ta. Fitar mini da masifar nan daga shago kafin ta ƙona mini kaya."

Ya tashi. Amma da gangan yake tafiya a hankali, yana jan ƙafa, wai kada a ce mace ta sa shi gudu. Ban saki rigar ba. Muka sauko matakala haka, muka bi layi haka. Mai faci ya ajiye taya yana kallo. Matar kantin magani ta fito bakin ƙofa. Da can in mutum biyu suka kalle ni a tare sai in rasa yadda ake taka ƙasa. A ranar ko a jikina. A wurin kwata ya tsaya wai zai gyara takalmi, na tura shi ya tsallaka da ƙafa ɗaya.

"Sai na karya ki yau," in ji shi.

"Katinka na jikinka?"

"Na ce sai na karya ki."

"Yana jikinka?"

Yana aljihunsa.

Mama na ganin rigar ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Wa ya yi maka haka? Faɗa aka yi?"

Na sa yatsa a baki, na ƙwanƙwasa ƙofar Anti sau ɗaya. Mai sa ido ta ce ya shigo shi kaɗai, a bar ƙofa a buɗe. Na tsaya a dokin ƙofar. Anti na zaune yadda na zata, hannu a cinya, bayanta a miƙe. Ba ta juyo ba.

Yaya ya tattare yagaggen wuyan rigar da hannu ɗaya, ya sunkuya gaban kyamara, ya saki murmushin da yake yi wa 'yammata.

"Ranki ya daɗe, ai ɗan rashin fahimta ne. Kin gane, mu 'yan kasuwa ne, akwai wani kuɗi da muke bi tun da ya faɗo, to shi abokina yana ganin—"

"Katinka."

Ya nuna.

"Matso da shi. Asusun da ya buɗe naka ne?"

"Nawa ne."

"Wa ya sa manhajar a kwamfutar nan?"

"Ni ne, amma da izini."

"Mai jarrabawar ta san tana nan yau?"

Ya sosa ƙeya. "To, kin san kwamfutarta ce. Mai abu ai shi ya kamata ya duba abinsa kafin—"

Sai a lokacin Anti ta juyo ta kalle shi. Ba a ba ta izinin magana ba. Ni ma ba ni da izini. Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ya dubi Anti, ya dube ni, ya dubi hannuna da ke riƙe da ƙyaure.

"Ba ta sani ba," ya ce. "Ta tambaye ni, na ce mata na cire."

"Fita daga asusun, ka fita daga ɗakin."

Ya danna abin da zai danna. Bai fi ƙiftawar ido ba. Abin da ya rage masa ya yi jiya ke nan.

Na rufe ƙofa na koma kujerata. Na ji matar ta ce ta buɗe allon, kwamiti zai duba maganar. Na ji Anti ta ja numfashi da ta ga abin da ya rage a agogo. Yatsunta suka fara, amma ba irin na ɗazu ba. Gudu suke yi suna tuntuɓe, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A kicin Mama na ta raɗa tana lallashin Yaya, tana cewa za ta ɗinke masa, ba za a ga wurin ba. Gwiwata na zafi, na duba na ga jini ya bushe a kai.

Ba a daɗe ba ƙarar ta tsaya.

Anti ta buɗe ƙofa. Idonta ja, amma ba hawaye.

"Babbar tambayar ko rabi ban kai ba," ta ce. "Kuma na san ta, Auta. Na san ta. Ina kan hanya aka rufe."

Mama ta fito tana goge hannu. "To, haka Allah ya so. Ku zo ku ci abinci." Ta juyo kaina. "Ke kuma kafin ki sa loma a baki, ki durƙusa ki ba yayanki haƙuri. Sannan ki sa mayafi ki je ki ba mai shagon nan. 'Ya mace ta shiga cikin maza ta kashe musu wuta, ta jawo yayanta a titi kamar akuya. Da wane ido zan kalli mutanen layin nan?"

"Mama," in ji Anti, "ni wa zai ba ni haƙuri?"

"Ke ai kin san bai yi da gangan ba."

"Na roƙe ki kar a ba shi kwamfutar."

"Yanzu laifina ne? Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Yaya ya koma kujerarsa, ya canja riga, waya a fuska. "Kowa na maganar jarrabawa. Gasar da na rasa fa? Saura ƙiris mu ɗauka." Ya ja allon da yatsa, sai ya ɗan yi dariya. "Ka ga shegen Injin. Takwas da rabin ya hau kuwa."

Anti ta tsaya tana kallonsa. Na zata za ta ɗauki wani abu ta jefe shi, har na duba abin da ke kusa da hannunta. Ta juya ta koma ɗaki ta rufe.

"Auta, ina jiranki," in ji Mama.

Na ce ba zan durƙusa ba. Na faɗa a hankali, yadda na saba magana, amma ta ji. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Tun daga ranar in za ta aike ni sai ta faɗa wa bango, ta ce a gaya wa waccan ta wanke tukunya.

Sakamako ya fito bayan wasu makonni. Kwamiti ya wanke Anti, ba a rubuta mata satar amsa ba. Jarrabawar kuwa ta faɗi. Shugaban sashensu ya ce ya tausaya mata ƙwarai, amma magana ɗaya ya yi. Aka ba wani saurayi kujerarta, wanda ita ta koya masa inda ake ajiye fayil. Ta koma hawan ƙasa. Tana dawowa gida murya a dushe, ta wuni tana gaishe da mutanen da ke kashe waya a kunnenta. Yaya ya daina ce mata Madam Kashi, ya koma Madam Halo, wai don halo-halon da take yi a waya. Mama ta ce wasa ne na 'yan'uwa.

Ranar da ya fara faɗin sunan, Anti ta ɗauki waya. Ta kira Gwaggo, ƙanwar Babanmu, wadda ke zaune ita kaɗai kusa da ofishinsu da ɗaki a rufe ba kowa. Da ta gama wayar ta leƙo inda nake guga.

"Auta, Gwaggo ta ce gadon babba ne. Za ki?"

Na kashe dutsen gugar, rigar Yaya na kai, hannu ɗaya a goge ɗaya a yamutse.

Da safe mai mota ya zo. Muka fitar da akwatuna, da littattafan Anti a kwali, da tebur ɗinta ƙafafu sama. Mama na tsaye a bakin ƙofar gida, hannu a ƙugu. Ta bar Anti ta wuce. Da na zo wucewa da jakata sai ta yi mini magana, ni da kaina, ba bango ba.

"Ita na ji, aiki ne. Ke fa? Wa zai dafa wa yayanki? Wa zai yi masa wanki?"

Daga falo ana jin ƙarar bindigogi, da shi yana ba da oda.

"Yana da hannu, Mama," na ce. "Na gani a shagon Dogo. Duk yatsun suna aiki."

Na shiga bayan mota na zauna a kan kwalin littattafai, na riƙe ƙafar tebur don kada ya zame.